Zoɓon Malamar Turanci

Ba zan taɓa mantawa da ranar rabon kyaututtuka a makarantar su Bulus ba. Ko na so in manta, matan unguwarmu ba za su bar ni ba.

Lokacin muna zaune a Unguwar Boro, ciki da falo, maigidana yana aikin masaƙa a Kakuri. Ɗanmu Bulus yana aji huɗu a wata makaranta a Barnawa, cikin 'ya'yan ma'aikatan gwamnati. Ni kuwa a aji uku karatuna ya tsaya, Turancina bai wuce na gaisuwa da cinikin tumatir ba. Ga ni da fargaba a kan yaron nan kamar kaza mai ɗan tsako ɗaya (wansa ya rasu yana wata bakwai, tun daga nan ko atishawa Bulus ya yi sai na taɓa goshinsa sau goma).

Ana saura mako guda ya dawo yana tsalle, wai Malamar Turanci, Misis Obi, ta sa shi a wasan kwaikwayo, kuma waɗanda suka yi ƙoƙari da su za a je gasar makarantu. Duk satin ba shi da zance sai gasar nan. Sannan ya ce, "Mama, Anti ta ce ki dafa mata zoɓo kwalba ɗaya, mai kauri, ya yi ja sosai."

Ban tambayi dalili ba. Malama guda ta aiko neman zoɓona, ai kaina ya kumbura. Shekarar da ake bin layin sukari da madara ce, amma na ɗauko sukarin da na ɓoye don Kirsimeti na zuba ba tausayi. Citta, kanumfari, har ɓawon abarba. Kwalbar ma sau uku na wanke ta.

Da safen ranar ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Mama, don Allah idan kin je ki zauna kawai. Kada ki kira sunana, kada ki ɗaga min hannu." (Ya san halina. Na taɓa binsa har cikin aji ina gyara masa kwala.) Na yi masa alkawari har da taɓa ƙirji.

Babansa yana aikin safe, don haka na tafi da maƙwabciyata Maman Ladi, wadda ta yi sakandare, ta zama tafintata. Zauren ya cika da matan Barnawa, kowace da ɗaurin gwaggwaro da ƙamshin turare. Na zauna na haɗa gwiwoyi kamar mai jiran allura.

Ba wai ban san wasan kwaikwayo ba. Muna yi a coci, amma a namu idan mutum ya mutu kwanciya yake yi ya rufe ido, wani lokaci ma ya sosa ƙafa. Wannan daban ne. Bulus ya fito cikin farar riga yana zuba Turanci kamar rediyo. Maman Ladi ta raɗa min, "Wai ɗan sarki ne. Wancan dogon abokinsa ne, amma yana ƙulla masa sharri."

Na ƙare wa dogon kallo. Ɗan aji shida ne, hannuwa kamar faranti, idonsa bai kwanta min ba.

Sai mujiya ta yi kuka. Da rana tsaka! A ƙauyenmu kukan nan ba ya wucewa a banza. Maman Ladi ta ce, "Ke, yaro ne a bayan labule," amma ni tuni na fara addu'a. Mujiyar ta sake yi, ta kuma yi na uku. Dogon ya zaro takobi yana walƙiya (katako ne aka naɗe da takardar kwalin taba, daga baya na gani), ya soka wa Bulus. Bulus ya dafe ƙirji. Ja ya ɓullo a farar rigar, yana bin tsakanin yatsunsa, yana ɗiga a ƙasa. Ya faɗi.

Har yau ban san yadda na tsallake layin kujeru huɗu ba. Na dai san na bar takalmi ɗaya a hanya, na taka ƙafar matar wani babban sakatare, na ture dogon ya zauna daɓas. Na ɗago kan Bulus ina jijjiga shi ina cewa a kawo mota. Duk zauren ya zuba mana ido.

Bai buɗe ido ba. Leɓensa ne kawai ya motsa: "Mama, ki sauka. Na mutu."

Na yage rigar ina neman raunin. Abin da na samu fasasshiyar leda ce an ɗaure da zare. Sai ƙamshi ya bugi hancina. Citta. Kanumfari. Kuma a gaban dukan Barnawa, ban san me ya kai ni ba, na lashi yatsana. Sukarin ya ji daidai.

Daga baya dariyar ta taso, ta zo gaba kamar ruwan sama. Misis Obi ta hau dandamali tana danne tata, ta kama hannuna ta ce, "Madam, na your zobo o," wato zoɓona ne. Na sauka da takalmi ɗaya. Bulus kuwa yana nan a mace, aka ƙarasa wasan a kansa. A cikin bas har gida taga kawai yake kallo.

Washegari na koma ba da haƙuri, don na tabbata na cire Bulus daga gasar da hannuna. Misis Obi ta zaunar da ni, ta yi min bayani da gurguwar Hausarta. Kukan mujiyar, in ji ta, dabarar marubuta ce: a jefa alama tun da wuri don mai kallo ya ji a jikinsa cewa wani abu na tafe. Ledar kuma a wajen 'yan fim ta ɗauko. Ta ce shekara biyu tana koya wa yara wannan darasi, ba wanda ya shige shi kamar ni.

Na ce, "To, Bulus fa, Malama?"

Ta ce, "Yaron da uwarsa ta jijjiga shi bai tashi ba? Shi ne na farko a motar zuwa gasa."

Sharaɗi biyu ta gindaya min. In kawo wata kwalbar, amma ban da sukari, don tururuwa sun cika dandamalin. Sannan ranar gasa kujerata a can baya take, Maman Ladi a dama, maigidana a hagu, kowa riƙe da gefen zanina.

Tun daga ranar, duk wanda ya aiko in dafa abu, kafin in hura wuta sai na tambaya wa zai sha. Kunyar dai ta ɗan yi sauƙi. Sukarin Kirsimetin nan ne har yanzu yake min ciwo.