Fankar Tsohuwarmu Ta Sunkuyar da Kai

Zuwa ga Masu Girma Shugabanni, Daraktoci da Mataimakan Daraktoci na Hukumar Buɗe Kasuwa da Dogaro da Kai, na hawan sama da na hawan ƙasa.

Ranku ya daɗe.

Bayan gaisuwa irin wadda ƙarami ke yi wa manya, da fatan na'urorin sanyaya ofisoshinku suna aiki lafiya, ina baƙin cikin sanar da ku, da sauran al'ummar ƙasa baki ɗaya, cewa fankar da ke ɗakin mahaifiyarmu ta sunkuyar da kai. Kada a sauke tuta, ba mutuwa ta yi ba. Tana juyawa, tana ma ƙara irin tata ta da. Notin da ke riƙe wuyanta ne ya tsage, kanta ya faɗo bisa ƙirjinta, ta koma fifita siminti. A yau duk unguwarmu babu daɓen da ya kai na ɗakin nan sanyi, tsohuwa kuwa tana kan gado tana gumi. Da na shiga gaishe ta, sai ta nuna mini fankar da haɓa ta ce, "Ka ga mai tarbiyya. Ku duka biyun ba wanda ya taɓa rusuna mini haka."

Mu biyun da take nufi ni ne da ƙanena, kuma saboda shi na ɗauki alƙalami. Ni ma'aikacin laburare ne. Shekaruna na aiki sun ƙare wajen jera littattafan masu cewa a buɗe iyaka kowa ya sayar wa kowa, kusa da littattafan masu cewa a rufe iyaka kowa ya ƙera nasa. Na karanta su duka, domin masu zuwa laburare ba su da yawa. A kan kanta ɗaya suke zaune kafaɗa da kafaɗa, ban taɓa jin sun yi faɗa ba. Na ɗauka a littafi kaɗai ake irin wannan zaman lafiya, sai da na zo ofishinku neman noti, na tarar masu buɗe ƙofa suna hawan sama, masu rufe ta suna hawan ƙasa, masinja ɗaya ke kai musu shayi.

Ƙanena kuwa ma'aikacin injin yankan ƙarfe ne. A masana'antar fanka da ke bayan gadar jirgin ƙasa ya yi ƙuruciyarsa, kuma irin notin da ya tsage mana, shi ne mai yanka shi. Ga ƙorafe-ƙorafena, cikin ladabi.

Na ɗaya. Ina godiya ga hawan sama da ya gano cewa fankarmu za ta fi araha idan aka ƙera ta a hayin teku. Gaskiya ta yi araha, na shaida. Abin da bai zo a lissafin ba shi ne wanda zai saya. Ranar da aka rufe masana'antar, ƙanena aka sa ya kwance injinsa da hannunsa, ya shafe shi da mai, ya naɗe shi da leda, ya raka shi har bakin kwantena. Ya ce mini, "Yaya, ko 'yata ban jin zan yi wa irin wannan rakiya." Shin akwai wani babi a littattafanku da ya bayyana yadda marar albashi ke cin moriyar araha? Na duba nawa, wataƙila ɓera ya cinye shafin.

Na biyu. Kun yi alkawarin cewa duk wanda ya rasa aikin hannu za a ɗaga shi zuwa aikin ƙwaƙwalwa, kuma kun cika. An tara su a babban ɗakin otal, wani matashi mai ƙulla wuya ya koya musu yadda ake tunani irin na attajirai, aka ba kowa takardar shaida da jakar leda mai tambarinku. Takardar ƙanena tana nan a bangon ɗakinsa, ta rufe wani tsagu. Daga nan aka mayar da shi tsohon gininsu, wanda hawan ƙasa ya sake wa fenti ya raɗa wa suna Cibiyar Ƙere-ƙeren Ƙasa. Aikinsa yanzu shi ne ya buɗe kwali, ya fiddo fankar da ta zo a haɗe daga hayin teku, ya ɓare takardar da ke bayanta da farce, ya manna wata mai cewa ƘIRAR GIDA, ya mayar da ita kwali. Mutumin da idonsa ke gane kaurin gashi a jikin ƙarfe, yau babban ɗan yatsansa ya yi kanta saboda danna takarda. Matata kan tare shi da "Sannu da zuwa, Injiniyan Gam," shi kuma ya amsa da cewa, "Ki yi a hankali, kada in manna miki ke ma a ce a nan aka yi ki."

Na uku, kuma a nan nake roƙon a ƙara mini haske. Da notin ya tsage, na nufi layin masu kayan lantarki. Mai kanti na farko ya ce ba a yin sa a ƙasar nan, tunda hawan sama ya sallami masu yin sa. Na ce to a ba ni na waje. Ya ce hawan ƙasa ya hana shigowa da shi, domin a kare masana'antar gida. Na tambaye shi wace masana'antar. Ya ce wadda aka rufe. Ranku ya daɗe, na karanta labaran sarakunan da suka gina ganuwa don kare gari, amma ban taɓa cin karo da wanda ya fara kwashe garin ya tura shi a jirgin ruwa, sa'annan ya dawo ya gina ganuwar ba. Wa ke cikin ganuwar nan da ake karewa? Ni da tsohuwa da fanka?

Mai kantin, Allah ya saka masa, ya ba ni shawara in sayi sabuwar fanka, in cire notinta in ɗaura wa tsohuwar. Ya ce kowa haka yake yi. Ya nuna mini bayan kantinsa, inda sababbin fankoki ke jere cikin kwalayensu, kowace kanta a sunkuye, kamar ɗalibai a gaban hedimasta. Na ji an ce cinikin fanka ya ƙaru a bana, kuma hawa biyun kowanne ya rubuta a rahotonsa cewa aikinsa ne. Ina taya ku murna baki ɗaya.

Na huɗu. Na ɗauki guntayen notin na kai wa mai walda na bakin titi, na ce ya ƙera mini irinsa ko da mummuna ne. Ya juya shi a tafin hannu, ya ce zarensa ba irin na kowa ba ne, kamfanin fankar ya sauya shi bayan ƙaura don kada notin kowa ya kama. Ya ƙara da cewa an zo an karanta musu wata yarjejeniya da kuka sa wa hannu, wadda ta ce zanen notin mallakar kamfanin ne, wanda ya kwaikwaya ɓarawo ne. Ashe noti ma yana da dangi da lauyoyi. Ni da na ɗauka ƙarfe ne mai rami a tsakiya! Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne, ƙarfen da aka yi shi da shi, an ce daga tsaunukanmu aka haƙo, aka loda a jirgi, aka narka a wata ƙasa, aka yanka a wata, aka ɗaura a ta uku. Wannan ɗan noti ya ga duniya fiye da duk zuriyarmu, ga shi ya dawo gida an hana shi shiga. Ko ba za a duba masa ba, a matsayinsa na ɗan ƙasa?

Na biyar, gajere ne. Na halarci bikin ƙaddamar da Shirin Dogaro da Kai, daga bayan igiya. Jawabin ya ratsa ni, musamman wurin da aka ce ba za mu ƙara miƙa hannu ga kowa ba. Baƙon masanin da ya rubuto muku shirin ma ya tafa, bayan tafinta ya fassara masa. Na so in ga almakashin da aka yanka ƙyallen da shi, don in karanta abin da ke rubuce a gindinsa, amma ɗan sanda ya ce in matsa.

Na shida. Ina ƙalubalantar hawan sama da hawan ƙasa, su haɗu a kan matattakala idan sun ga dama, su nuna mini abu ɗaya tak da ƙasar nan ta ƙera tun daga tushe har ya kammala, ta kuma fitar da shi waje aka karɓa da hannu biyu. Ba ɗanyen dutse ba, ba fatar da ba a jeme ba. Abu gamamme, wanda mu muka yi wahalarsa. Na ce babu. Na faɗa a gida, na faɗa a laburare, ga shi na rubuta. Idan an samu, zan janye maganata a bainar jama'a.

Na bakwai, kuma shi ne ainihin abin da ya kawo ni, sauran duk share fage ne. An liƙa sanarwa a Cibiyar cewa daga ƙarshen wata fankokin za su riƙa isowa da takardar ƘIRAR GIDA a manne tun daga can, domin bincike ya nuna mannawa ta fi araha a hayin teku. Ban yi mamaki ba, tunda ita takardar dama can ake buga ta. Sai dai wannan na nufin babban ɗan yatsan ƙanena ma ya zama kayan da ba a bukata. A daidai wannan lokaci kuma kamfanin ya aiko masa da saƙo daga hayin teku cewa tsohon injinsa yana ba su wahala, yana cin ƙarfe yana tofar da shi a karkace, ko zai zo ya riƙe shi? Sun ce za su ba shi ɗaki da gado.

Ranku ya daɗe, mu biyu tsohuwa ta haifa. Ni nakan karanta mata takardar magani, in yi mata bayanin abin da rediyo ke nufi, ta yi barci ina tsakiyar magana. Shi ne ke ɗaga ta ya zaunar, shi ke yanke mata farce, shi kaɗai take yarda ya taɓa ƙafarta mai ciwo. Kullum ya taso daga aiki sai ya biya ta ɗakinta, ya zauna a bakin gado da warin gam a jikinsa, su yi ta gulmata ina ji. Yana da mata da 'ya'ya da hayar ɗaki, ba zan iya ce masa ya zauna ya ci takardar shaida ba. Na tambaye shi ko zai tafi, ya ce, "Yaya, in akwai abin yi a nan, ko na lasar gam ne, ina zan je?"

Saboda haka ban zo neman babban abu ba. Ban ce a dawo da masana'anta ba, na san jirgin ruwa ba ya ja da baya. Ban ce a koya mana ƙera jirgin sama ba, kodayake na ga hotonsa a kalandarku. Roƙona shi ne hawan sama ya yi haƙuri ya bar mana mannawa. Ƙarya ce, na sani, amma ƙaryar gida ce, hannun ɗan ƙasa ke danna ta, iyali kuma na ci daga gare ta. Idan har ƙasa ba ta iya manna wa kanta takardar da ke cewa ita ta yi, to hawan ƙasa me zai ce yana karewa? In kuwa wannan ya yi nauyi, a ba ƙanena inji ɗaya, ko tsoho ne, da izinin yanka noti ɗaya, ko na wuyan fankar uwarsa ne. Sauran dogaro da kan ma iya biyowa a hankali.

Ina roƙon gafara idan na ɗaga murya a wani wuri. Zafi ne, fankarmu ba ta kallon mutane. Allah ya ƙara wa hawan sama buɗi, ya ƙara wa hawan ƙasa rufi, ya ba masinjan da ke tsakaninku ƙarfin gwiwa.

Naku mai biyayya har wuya ya tsage,
Ma'aikacin Laburare, ɗa ga mai fanka.

Ƙarin bayani: Kafin in kai wannan takarda gidan jarida, ƙarshen wata ya riga ni. Mun raka ƙanena tasha. Ya tallafe wuyan fankar da waya kafin ya fita, tsohuwa kuma ta ce idan ya isa ya aiko mata da noti. Ban gaya mata kun hana shigowa da shi ba. Game da ƙorafi na shida, na janye, kamar yadda na yi alkawari. Na yi kuskure. Akwai abu ɗaya da muka yi tun daga tushe har ya kammala, muka fitar, aka karɓa da hannu biyu. Ƙirar gida ne na gaskiya, ko takarda ba a manna masa ba.