Ranar da Hatimina Ya Yi Yarabanci

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar da na yi a Agege ba, ko da na so in manta, don kuwa shaidu sun yi yawa, kuma har yau yawancinsu suna nan da ransu da bakinsu.

A shekarar da ta biyo bayan komawar sojoji bariki abin ya faru. Ban daɗe sosai da zuwa Legas ba, aure ne ya kawo ni daga Funtuwa. Maigidana yana abbatuwa, ƙarƙashin wani babban dillalin shanu da ake kira Alhaji Sambo. Yakan fita tun asuba, ni kuma in na gama shara da girki sai zaman ya ishe ni. Wata rana wani abokinsa, Banufe mai gadin wani gidan buga takardu a Ilupeju, ya kawo mana buhu guda na guntayen takardu masu launi, wai a riƙa hura wuta. Lokacin 'yan siyasa sun tashi da buga hotunansu, ko'ina ragowar takarda ce. Na zazzage buhun a tsakar ɗaki, na ga ja, na ga tsanwa, na ga mai ruwan zinari, na ga wata mai zanen fulawa kamar atamfa. Na ce wallahi wannan ba za ta shiga murhu ba.

Da almakashi da gam na fara. Daga baya na bi wata maƙwabciya zuwa Idumota, na samo hatiman roba ƙanana, ɗaya na fure, ɗaya na wata da tauraro, ɗaya na tsuntsu, da ɗan soson da ake jiƙawa da tawada. Rubutu kuwa Malam Isufu ke sassaƙa mini, wani mutumin Maraɗi da ke zama da teburinsa kusa da titin jirgin ƙasa. Duk abin da ka rubuta masa a takarda, shi zai fitar maka a roba, harafi da harafi, bai tambayarka ma'ana.

A nan zan ɗan yabi kaina, ku yi haƙuri. Katunana suna da kyau. Nakan naɗe farar takarda mai kauri gida biyu, in yanka mai fulawa in manna mata a gefe kamar bakin zane, in danna hatimi a tsakiya da ƙarfi daidai, kar tawada ta malala. Wayar hannu ba ta shigo ba tukuna, saboda haka da Sallah ta matso, mahauta da masu gadi da 'yan okada sai su yi layi a ƙofarmu, kowa na son abin da zai aika gida. Direbobin motocin shanu da ke komawa arewa wayam su ne masu kai saƙo. An ce mini a Funtuwa Inna ta liƙa nawa a bango, duk wanda ya shigo sai ta nuna masa ta ce aikin 'yarta ne ta Legas.

Sai dai ba kati kaɗai nake taƙama da shi ba. Akwai Yarabanci. Na iya cinikin tattasai, na iya gaida mai gidan hayarmu, na iya ce wa kwandastan danfo, motar hayarsu, ya tsaya. A ganina na sauke. (Matan unguwa da aka haifa a Agege, waɗanda Yarabanci ke bakinsu kamar tuwo, suna ji na suna murmushi. Ni a lokacin na ɗauka sha'awa nake ba su.)

Ana haka mai gidan hayarmu, Iya Sikira, ta gayyace ni wani taro na danginta a Isolo. Ban taɓa ganin shagali irinsa ba. An toshe titi da rumfuna, makaɗa na ta aiki, kowa ya yi anko, shinkafa da nama sai wanda ya ƙi. A jikin kowace mafici da aka raba akwai hoton wata tsohuwa tana dariya. Na ce a raina lallai wannan tsohuwa 'yar gata ce, ji bikin da 'ya'yanta suka haɗa mata. Na lura duk wanda ya iso sai ya je gaban Iya Sikira ya rusuna ya ce, "E ku asheyinde," ita kuma ta amsa da fara'a. Na kama kalmar na adana. Na yanke wa kaina hukunci cewa ita ce babbar gaisuwar biki, irin ta manya, wadda ba kowa ya sani ba. Ban tambayi kowa ba, don wanda ya sauke ai ba ya komawa allo.

Bayan 'yan watanni sai ga bikin ɗan Alhaji Sambo, Nasiru. Yarinyar da zai aura Bayarabiya ce, Rashida, Musulma, 'yar wani gida mai mutunci a nan Agege. Auren nan bai zo da sauƙi ba. Dangin yarinya sun daɗe suna ja, suna cewa za a kwashe musu 'ya a kai arewa su daina ganinta. Sai da manya suka yi ta kai gwauro suna kai mari kafin aka amince. Don haka uwar ango, Hajiya Balaraba, ta ƙudura ba za a bar wata kafa da za a ce Hausawa sun yi rowa ko raini ba. Ta aiko aka kira ni.

"'Yar nan, so nake duk wata babbar mace a dangin amarya ta samu turmin zane da goro, a ɗora katinki a kai. Ki yi wanda ba ki taɓa yin irinsa ba."

Na ce, "Hajiya, an gama. Har da gaisuwa zan sa musu da yarensu."

Ta dube ni. "Kin iya kuwa?"

"Hajiya, ni da nake zuwa bukukuwansu."

Na yi aikin nan kamar raina zai fita. Na samo takarda mai ruwan goro da zanen ganye, na yi mata baki da ta zinari. A sama tsuntsaye biyu suna fuskantar juna, a ƙasa furanni. Malam Isufu ya sassaƙa mini gaisuwar nan ta Isolo a sabon hatimi da manyan haruffa, na buga shi a tsakiyar kowane kati da baƙar tawada (baƙa kuma, don abin ya cika). Da maigidana ya gani ya jinjina kai ya ce ya yi kyau, amma ya ƙara da cewa, "Da kin ɗan nuna wa Iya Sikira, tunda ga ta nan a gida."

Na ce, "So kake ta ji ta baza, kafin ranar kowa ya kwaikwaya?"

Na sa kowane kati a ambulan na liƙe da gam.

Ranar walima aka cika filin wata makaranta. Dangin ango a dama, dangin amarya a hagu sun sha ɗauri kamar za su taɓa rumfa. A tsakiyarsu kakar amarya, wadda kowa ke kira Iya Agba, wata 'yar ƙaramar tsohuwa mai sanda, wadda aka ce ita ce ta fi kowa ƙin auren da farko. Da aka zo rabon kaya, Hajiya Balaraba ta ce ni zan miƙa na Iya Agba da hannuna, tunda aikina ne. Da na tsaya a nan da an samu sauƙi. Amma na ga mai gabatarwa riƙe da abin magana, sai na miƙa hannu na karɓa. Na durƙusa gaban tsohuwa har ƙasa yadda na ga suna yi, na gyara murya, na ce da ƙarfi:

"E ku asheyinde, Mama."

Lasifikar ta kai maganata har bakin titi.

Na jira tafi, ban ji ba. Makaɗi ɗaya da ya ɗaga sanda ya sauke ta a hankali. Matan da suka riga suka buɗe ambulan suna duba kati suna duban juna. Wata gwaggon amarya, doguwa mai kaurin murya, ta miƙe tsaye da katin a hannu, ta yi wata magana mai tsawo da Yarabanci wadda ban tsinci komai a ciki ba (ni da na sauke), sannan ta juya ta faɗa da Hausa don kowa ya ji: "Wa ya mutu? Ku faɗa mana wa ya mutu. Ko 'yarmu ce kuke mana ta'aziyyarta tun yau?"

Amarya ce ta taso daga kujerarta, da lulluɓinta da komai, ta sunkuyo kusa da kunnena. Hausarta tas, 'yar Agege ce. Ta ce, "Anti, wannan gaisuwar ta mutuwa ce. Ita ake yi wa wanda tsohonsa ya rasu."

Ina durƙushe a gaban mace mafi tsufa a wurin, na yi mata gaisuwar mutuwar tsoho, a lasifika, kuma na buga ta da hatimi na raba wa danginta kaf. Na waiga na hango Hajiya Balaraba ta dafe kai, Alhaji Sambo yana kallon ƙasa, maigidana kuwa ya cire hula yana leƙa cikinta kamar ya ajiye wani abu. A lokacin ba kunyata kaɗai nake ji ba. Na san auren nan da ƙyar aka ɗaura shi, na kuma san a hannun wa abincin gidanmu yake.

Iya Agba ta zaro katinta, ta nisanta shi da idonta, ta juya bayansa, ta shafa bakin zinarin da yatsa. Sannan ta yi magana, amarya tana fassara mini.

"Ta ce wa ya yi wannan?"

Na ce ni ce.

"Ta ce da hannu ko da inji?"

Na ce da hannu.

"Ta ce wa ya koya miki gaisuwar?"

Nan na rasa ƙaryar da zan yi, sai na faɗi gaskiya. Na ba da labarin Isolo, da rumfuna, da makaɗa, da anko, da tsohuwar da ke dariya a jikin mafici. Na ce na ɗauka bikin murna ne. Har na ƙara da cewa na yi ta neman tsohuwar a wurin in gaishe ta ban gan ta ba.

Amarya ba ta iya ƙarasa fassarar wannan ba, dariya ta ƙwace mata. Da ta samu ta ƙarasa, Iya Agba ta jefar da sanda ta riƙe ciki. Ta yi dariya har sai da aka kawo mata ruwa. Daga nan dariyar ta bazu a rumfar hagu, ta tsallaka ta dama, har gwaggon nan mai kaurin murya ta zauna tana share hawaye da bakin ɗaurinta. Ni dai ina nan durƙushe, ga abin magana a hannuna, na rasa wanda zan miƙa wa.

Da dariya ta lafa, tsohuwa ta kamo hannuna ta ɗaga ni da kanta. Ta ce a faɗa wa mutane: yarinyar da ta zauna ta yanka takarda ɗaya bayan ɗaya don ta gaida surukai da harshensu ba raini ya kawo ta ba. Ta ce gidan da ake irin wannan wahala don a faranta wa baƙo, ba ta jin tsoron bar musu jikarta. Sannan ta ƙara wani abu da ya sake tayar da dariya. Amarya ta ce, "Wai ki adana hatimin da kyau, kada ki yar. Ta ce kin yi sauri ne kawai, amma ranarsa na zuwa, kuma ba ta yarda kowa ya yi mata kati ba sai ke."

Aka ci gaba da kiɗa. Ba wadda ta mayar da katinta. Da za a watse Hajiya Balaraba ta ja ni gefe, na sunkuyar da kai ina jiran abin da ya dace da ni. Sai ta ce, "Allah Ya rufa mana asiri, 'yar nan. Amma gobe ko Hausa za ki rubuta, ki kawo in gani."

Abin mamaki, daga ranar nan ciniki ya buɗe mini ta inda ban zata ba. Matan rumfar hagu suka riƙa aiko mini da aiki, na suna, na aure, na dawowa daga Makka, har da na ta'aziyyar gaske, wanda hatiminsa dama yana hannu. Iya Agba ta ƙara shekaru masu yawa, ta ga 'ya'yan Nasiru da Rashida. Da ta rasu aka zo har gida aka ce ta bar wasiyya. Na zauna na yi mata katunan da suka fi duk waɗanda na taɓa yi, ina yi ina kuka, ina tunowa ina dariya.

Abin da na koya dai bai da yawa. Kafin ka sassaƙa magana a roba, ka fara gwada ta a kunnen mai ita, don baki yana iya cewa ba haka nake nufi ba, hatimi kuwa ba ya janye zance. Kuma a Legas, in ka tarar ana rawa ana rabon shinkafa, kafin ka ce barka, ka tambaya ko mai bikin yana nan.