Yadda Za Ka Danne Rediyon Gajere da Tsofaffin Sifiku

Kai makanike, matso kusa. Na san abin da ke cin ranka. Kullum rediyon Gajere, makaniken tsallaken titi, yana shigo maka gareji ba sallama, naka kuwa sai an kara kunne kafin a gane ko labarai ake ko kiɗa. Abin kunya ne, kuma ni ma ina jin haushin a madadinka. Bi matakan nan, na yi maka alkawari rediyonsa sai ya yi shiru.

1. Tara sifiku

Kada ka sayi sabo, sabon sifika na marasa basira ne. Shiga ɗakin tarkace ka jawo manyan nan biyu na katako da ɓera ya haihu a ciki. Sauran suna jikin ƙofofin matattun motocin da masu su suka manta a bayan gareji. Ɓalle su duka. Wanda ya yage, liƙe shi da salatif. In yana kakari, ka ce wa mutane asalin sautinsa ke nan, na zamanin da ake yin kaya masu ƙarko.

2. Haɗa waya

Ja da baƙi duk waya ce, kada wani mai gyaran rediyo ya ruɗe ka. Fere da haƙori, murɗa, jona wa tsohon amfilifaya, wato na'urar ƙara sauti, da batirin babbar mota. In ka ji ƙauri, wuta ce ta isa inda aka aike ta. Sifikan da ya fi girma ka rataye shi kusa da inda kake buɗe bonet, daidai saitin kunnenka.

3. Murɗa har ƙarshe

An yi wa maɓallin ƙara ƙarshe ne don a kai can. In sufanu ba su fara rawa a kan teburi ba, noti ba su gangaro ƙasa ba, to wasa kake. Matarka za ta kawo abincin rana, ta toshe kunne da yatsa ta ce, "Wai kunnen nan naka ba da shi muke ci ba?" Ba za ka ji ta ba. Ka yi murmushi ka ce kai ma ka gode.

4. Karɓi surukinka

Nan ake gane gwani. Surukinka zai zo da tsohuwar motar da yake haya da ita, wadda ita ce cinsa, ita ce shansa. Shi ne mai yawo a tasha yana cewa mijin 'yarsa da kunne kawai yake gane ciwon inji. Zai sunkuyo ya ce, "Ɗana, wani ɗan ƙas-ƙas nake ji daga ƙasa tun jiya. Saurara mini, hankalina bai kwanta ba."

Kada ka rage ƙara. Gajere yana kallo, zai ɗauka ka gaji.

Buɗe bonet, ɗora bakin sukudireba a kan injin, kara ƙotar a kunne, rufe ido. Gyaɗa kai a hankali. Shi zai ɗauka nazari kake, ba zai san kiɗa kake bi ba. Sai ka miƙe ka ce, "Baba, lafiyarta lau. Ko sabuwa albarka."

Za ka ga leɓensa yana motsi, wataƙila "Ka tabbata?" yake cewa. Daki bonet sau biyu, ka ce ya ɗauki fasinja ya kama hanya.

5. Tsaya a bakin ƙofa ka karɓi nasara

Washegari za ka hango motar ana janye da ita da igiya, baƙin mai yana ɗiga, injin ya buga. Gyara wuyan riga ka fito tarya.

Ba za su tsaya ba. Baba ba mai hayaniya ba ne, ko kallonka ba zai yi ba. Za a wuce ƙofarka a tsallaka titi. Gajere zai goge hannu, ya ba dattijon kujera, sannan ya miƙa hannu ya kashe rediyonsa don ya ji abin da ake gaya masa.

To, ka gani? Rediyonsa ya yi shiru. Ni dai na cika alkawarina.

Gargaɗi

Mai wannan darasi bai san kuɗin sabon inji ba, kuma ba ya raka kowa gidan surukai ba da haƙuri. Wayar da ta ƙone, taka ce. Direbobin tasha da za su koma tsallake, ba ni na kora su ba. In kuma matarka ta daina yi maka magana, kada ka kawo mini ƙara. Da ma ba jin ta kake ba.