Yadda Ake Horar da Ɗalibar Jarida Har Ta Daina Ji da Gani

Malam, an damƙa maka ɗalibai an ce ka shirya su zuwa sanin makamar aiki a gidan jarida, kai kuwa ko cigiyar akuya ba ka taɓa rubutawa ba? Kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, na yi maka alkawari za ka yaye ɗan jarida lafiyayye wanda ba zai taɓa ɓata wa wani babba rai ba. Hanya ce gwadajjiya. Malam Ashafa ya bi ta a Kano, shekarar da gwamnati ta ce kowa ya tsuke bakin aljihu, kuma har ya yi ritaya ba wanda ya tuhume shi.

Mataki na 1: Zaɓi mai buri

Rabu da malalata, su ba sa zuwa ofis balle su saurare ka. Nemi mai zumuɗi irin Atika Mamman. Marainiya ce, ƙanin mahaifinta Baffa Inuwa ya riƙe ta a Na'ibawa, da guminsa na aikin masaƙa a Sharaɗa ta yi karatu. Burinta ɗaya tak: a buga sunanta a jarida, Baffa ya kai wa abokan aikinsa su gani. Irin wannan ko cewa ka yi ta rubuta da hagu, za ta rubuta.

Mataki na 2: Kada ka kuskura ka je inda labari yake

Challawa warin jima, Bompai hayaƙin manyan motoci, Sharaɗa ƙurar auduga. Me ya kai mai digiri? Zauna ƙarƙashin fanka, ka kira sunayen Turawan da suka rubuta littattafai, ka riƙa lumshe ido kamar da su kuka yi makarantar allo. In ɗalibi ya tambaye ka yadda ake hira da lebura, ce masa tambayar tana da zurfi, sai zangon karatu na gaba.

Mataki na 3: Koya mata ƙofa

Kowace masaƙa ƙofa biyu gare ta. Ta baya ta ma'aikata ce, ta gaba ta mutane. Da editan jaridar da aka tura Atika ya ce ta je masaƙar su Baffa ta dubo yadda suke fama da ƙarancin kayan aiki, sai ta garzayo wajen malaminta, Malam Ashafa, da murna.

"Malam, ai baffana a can yake. In fara da su?"

"A'uzubillahi! Ke 'yar jarida ce ko 'yar ƙungiyar ƙwadago? Ta gaba za ki bi, ofishin manaja. Abin da ya faɗa shi ne labari, saura duk surutu ne."

Ta bi ta gaba. Aka zaunar da ita cikin sanyin iyakwandishan, aka kawo lemo, manaja ya yi ta zuba. Da za ta tafi aka sa mata turmin atamfa biyu a leda, kamar yadda ake yi wa kowane ɗan jarida. Gargaɗe ta tun da wuri cewa mayar da kyauta rashin tarbiyya ne.

Mataki na 4: Jan biro

A nan ake gane gwanin malami. Duk yadda ka kai ga horo, ɗalibi sai ya ga wani abu, haka Allah ya halicce su. Atika ta dawo ta rubuta cewa rabin rumfunan saƙa shiru suke, inji ko ɗaya ba ya motsi, kuma ba motar auduga a harabar.

Malam Ashafa ya cire tabarau. "Manaja ya ce miki shiru suke?"

"Bai ce ba, Malam. Ni na ji da kunnena."

"To kunnenki ne manaja? Inji ma hutawa yake yi."

"Amma Malam, ku duba..."

Sai ya ja layi a kai, ja wur, ya rubuta mata kanun labarin da hannunsa mai albarka: ma'aikata na cikin walwala, ba wanda za a sallama. Ta san ƙarya ce, wallahi ta sani, amma shi ne mai ba da maki. Ta sake bugawa a tafireta, ta kai wa edita.

Mataki na 5: Kada ka manta haƙƙin malanta

Turmi biyu aka bayar. Ba sai ka roƙa ba. Yabi zanen, ka ce uwargida tana son kore.

Mataki na 6: Ranar fitowar jarida, ka yi nisa

Manaja ya san abin da yake yi, so yake dillalan atamfarsa su ga labarin su kwantar da hankali. Ranar Litinin da jarida ta fito, ita ce ranar da aka garƙame ƙofar baya, aka leƙo ta taga aka ce 'yan rumfunan da ke shiru kowa ya koma gida sai an neme shi.

Baffa Inuwa ya iso da jaridarsa ninke a aljihu, tun a tasha ya saya. Shi ajami ya iya, boko sai an karanta masa. Duk da tashin hankalin, sai ya miƙa wa Lawan, abokin aikinsa, don ba ya shakkar cewa 'yarsa ta faɗi gaskiyar halin da suke ciki.

"Karanta da ƙarfi, Lawan, kowa ya ji. 'Yar wajena ce ta rubuta."

Lawan ya karanta da ƙarfi kuwa, har da sunan. Wani daga baya ya yi dariya, irin wadda gara zagi da ita.

Da la'asar Atika ta je Na'ibawa, rungume da ragowar turmin za ta ba Hajjo matar Baffa. Ba ta san abin da ya faru ba. Ta tarar da shi a zaure, a lokacin da ya kamata a ce yana bakin inji. Ya dubi atamfar, ya gane ta, a rumfarsu aka saƙa.

"Atika, da kika shiga, ba ki ji shirun nan ba?"

"Na ji, Baffa."

"Kin ji."

Ya ɗauki buta ya fita.

Malam Ashafa kuwa yana wajen taron ƙara wa juna sani a kan ɗa'ar aikin jarida. Ya ba ta maki mafi girma a ajin, ya rubuta cewa tana da ladabi.

Sanarwa

Mai wannan jagora ba ruwansa da duk abin da ya biyo baya: korar ma'aikata, dariyar bakin ƙofa, ko baffan da ya daina tambayar yaya karatu. Idan ɗalibarka ta zo ofis da jajayen idanu tana neman ku yi magana, ce mata sunanta ne a kan labarin, ba naka ba.