Ranar Da Na Turara Kwamfutar Maigidana

Ba zan taɓa mantawa ba da abin da tsabtata ta jawo mini a shekararmu ta biyu a Diffa. Har yanzu in na tuna sai na rufe fuska da mayafi, ko da ni kaɗai ce a ɗaki.

Maigidana malamin gona ne, daga Damagaram aka turo shi. A shekarar nan kogin Komadugu ya yi ambaliya ya ci gonakin tattasai, shi kuwa ya yi wata biyu yana bin ƙauyuka yana rubuta sunayen manoman da za a ba iri. Duk sunayen suna cikin wata tsohuwar kwamfuta, irin mai akwati a ƙarƙashin tebur. Ran Alhamis da azahar motar shef ɗinsu, wato shugabansu, za ta tashi da takardar, wanda sunansa bai shiga ba kuwa ya rasa irin bana.

Ran Laraba ya tafi Gagamari. Ina shara na ji akwatin nan yana wari, kamar ƙura da ƙonanniyar roba. Sai tausayi ya kama ni. Bawan Allah yana wahala a rana, ya dawo ya zauna da wari? Ni kuwa tun zuwanmu maƙwabtana Barebari suka koya mini turaren wuta, har na fi su zaƙewa. Labule, katifa, akwatin tufafi, babu abin da ya tsira. Na ɗauko wuƙar yanka albasa na kwance murfin (na yi lakwal, wato boko, har koleji, kada ku ɗauka jahilci ne, ƙarfin hali ne kawai). Na share ciki da gashin kaza. Wasu wayoyi suka tare mini hanya, na zare su, na ajiye kaskon turare a bakin akwatin na lulluɓe da zane, kamar yadda ake yi wa amarya.

Da na zo mayarwa, kowace waya ta sami raminta, sai guda ɗaya, ja, mai faɗi. Na juya ta, na juya ta, na ce ƙila ta ado ce. A ranar kuma na sayi sabuwar kaza, a unguwarmu kowace mace da alamar da take ɗaura wa kajinta don kada su ɓace cikin na maƙwabta. Ga jar waya mai kyau, ba ta tsinkewa. Na ɗaura mata a ƙafa, har da bisimilla.

Da safe Malam, maigidan nawa, ya kunna kwamfuta don ya fitar da takardar. Baƙin allo, farin rubutu layi ɗaya. Ya kashe, ya kunna. Ya canza wurin jona wuta. Ya ɗan buga akwatin da tafin hannu.

"Maman Nana, an ɗauke wutar kuran jiya?"

"A'a, Malam."

"Wani yaro ya shigo nan?"

"Babu yaron da ya shigo." (Allah shaida, ban yi ƙarya ba. Ni ba yarinya ba ce.)

Na ga gumi yana keto masa, yana cewa, "Sunayen mutane, Maman Nana. Da wane ido zan kalle su?" Maimakon in yi magana, sai na tsuguna na karanta Falaƙi da Nasi na tofa wa akwatin. Har Malam ya ce amin.

Ya kira Malam Kiyari, mai gyaran injunan bironsu, wato ofishinsu. Mutumin ya zo ya danna wani maɓalli, allon ya koma shuɗi, ya duba ya girgiza kai.

"Injin bai ga disk dur ba. Shi ne rumbun da komai yake ciki. Ko ya mutu, ko hanyarsa ta yanke."

Ya kwance murfin. Jama'a, ƙamshin da ya fito! Ya ja baya, ya shaƙa, ya sake shaƙa.

"Malam, yaushe aka ɗaura wa wannan aure? Ba a gayyace mu ba." Ya leƙa ciki. "Rumbu lafiya lau. Amma wayar da ke haɗa shi da uwar injin babu ita. Ja ce, kamar haka tsawonta. Ni kuma ban zo da wata ba."

Malam ya juyo a hankali yana kallona. Na buɗe baki zan fara bayani tun daga warin, sai ga baiwar Allah ta ɗaga labule da kanta ta shigo, tana taku ɗaya-ɗaya, kan wayar yana jan ƙasa, ƙwas, ƙwas, ƙwas. Ta tsaya tsakiyar ɗaki ta karkata kai tana kallon Malam Kiyari.

Ya nuna ta da sukurdireba. "Madam, wannan a wane biro take aiki?"

Da ƙasa ta tsage da na shige. Amma babu lokacin kunya, rana ta yi sama. Malam da rigarsa ta aiki ya yi tsalle, kaza ta bi ta tsakanin ƙafafunsa. Muka bi ta mu uku, bayan randa, ƙarƙashin turmi, har ta haura katanga ta faɗa cikin shanyar tattasan maƙwabciyata Ya Falmata. Ita ta cafke ta, ta miƙo mana tana tambaya ko baƙi muka yi da za a yi yanka da gaggawa haka.

Malam Kiyari ya goge wayar (ba zan faɗi abin da ya goge ba), ya hura, ya soka. Kwamfuta ta yi ɗan ƙara, ta buɗe. Sunayen nan duk suna nan, ko ɗaya bai ɓace ba. Malam ya isa biro direba ya riga ya tada mota.

Da ya dawo bai yi faɗa ba, abin da ya fi faɗa ciwo. Cewa kawai ya yi shef ya shinshina takardar ya ce a gai da Madam.

Tun daga ranar na gane cewa in ka kwance abu ka mayar, ka ga wani yanki ya rage a hannunka, ba rabonka ba ne, laifinka ne. Kuma in miji ya yi tambaya, a ba shi amsar tun kafin shaida ta shigo da ƙafarta.