Rasuwar Jakar Dama, Wadda Dutsen Guga Ya Yi Ajalinta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma haushin da har yanzu bai huce ba, Mai Gilashi na bayan tashar mota yake sanar da 'yan'uwa da abokan tafiya rasuwar Jakar Dama, ɗaya daga tagwayen jakunkunan da ke rataye a gefen babban babur ɗinsa. Ta rasu a kan hanya, tana bakin aiki. Ba tsufa ne ya kai ta ba, kada kowa ya zo masa da wannan magana. Kashe ta aka yi, wanda ya kashe ta kuwa yana zaune a kujerar baya.

An haifi marigayiyar a rumfar wani mai ɗinkin tamfol, rana ɗaya da 'yar'uwarta Jakar Hagu. Tun daga ranar ba ta taɓa cewa kaya sun yi mata yawa ba, don ba a taɓa ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta ba. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana kai gilashin taga gidajen mutane ba a koya masa shirya kaya. Mai nauyi a ƙasa, mara nauyi a sama, hagu da dama su zo daidai, tanti da katifu a ɗaure kan kariya, ƙarfen ɗaura kaya na bayan babur. Rabon marigayiya shi ne bargo, da butar shayi, da turakun tanti, da famfon taya, sai ƙaramin aljihunta na gaba inda maganin hawan jininsa ke kwana. Da yake salansa, bututun hayaƙin babur, na ƙarƙashinta, kowace safiya kafin ya ta da babur sai ya durƙusa ya zura yatsu huɗu tsakaninsu. In yatsun sun shige, a tafi. In ba su shige ba, a kwance komai a sake shiri, ko da rana za ta take.

Ta sha ruwan sama ba ta bar bargo ya jiƙe ba. Ta faɗi tare da Mai Gilashi cikin yashi, ita ce ma ta tare masa ƙafa. Ba ta da surutu. Iyakarta in an kama kwalta mai kyau ta riƙa kaɗa murfinta, fat-fat-fat, shi kuwa ya san hankalinta a kwance yake.

Wajibi ne a nan a faɗi yadda mai laifin ya samu wurin zama. Bara jiri ya kwashe Mai Gilashi a shagonsa, likita ya ce jini ne. Matarsa ta ɗauke makullin babur ta jefa a ƙasan akwatinta. Ya yi lallashi, ya yi fushi, ya ƙaurace wa abinci, duk ba ta ko ɗaga kai ba. Daga ƙarshe ta ce za ta bayar bisa sharaɗi guda: ba zai ƙara yin doguwar tafiya shi kaɗai ba, sai da ƙaninta a baya. Ranar da ƙanin ya sauka daga kujerar, ranar makulli zai koma akwati. Mai Gilashi ya yarda, domin in aka raba shi da hanya da kwanan tanti, to ba abin da ya rage masa sai shago da gado.

Ƙanin nan shi ne Ɗan Gayu, wanda unguwa ta sani da ƙamshin turare da karin wando. Bai san sunan sifana ko ɗaya ba. Hular kwano ma sai da aka yi da gaske ya sa, wai tana kwantar masa da gashi. An ba shi wuri a Jakar Hagu daidai riga biyu da wando, ya tsaya yana kallon wurin kamar an zage shi.

Ga yadda jinyar ta kasance. A safiyar ranar sun tashi a bakin wani tafki, Mai Gilashi ya naɗe tanti shi kaɗai kamar kullum, ya shirya kaya, ya zura yatsu huɗu suka shige. Sai ya zagaya bayan bishiya. Cikin wannan ɗan lokaci Ɗan Gayu ya zaro abin da ya ɓoye a 'yar jakar goyonsa tun daga gida, wanda ya fara cin masa kafaɗa, ya tura shi can ƙasan marigayiya, ƙarƙashin bargo. Dutsen guga ne, na lantarki, irin tsohon nan mai nauyi, an ɗauko shi zuwa dajin da ko fitilar titi babu. Ya bi shi da takalma sau ciki da kwalbar turare, ya danne murfin da gwiwa.

Marigayiya ta yi iya ƙoƙarinta. Maɗaurinta ya riƙa kuka, ƙiii, ƙiii, Mai Gilashi ya ɗauka gargadar hanya ce. A hankali ta sunkuya har cikinta ya kwanta kan salansa. Wanda ya fara jin ƙauri shi ne na baya. Ya ji zafi a diddige, ya leƙa, ya ga hayaƙi da idonsa. Ya lissafa cewa in aka tsaya za a buɗe jaka, in aka buɗe za a ga dutsen guga, sai ya ɗage ƙafarsa don kada wando ya ƙone, ya yi shiru.

Wani direban babbar mota ne ya matsa musu da oda yana nuna gefe. Ko da Mai Gilashi ya taka burki, gindin marigayiya ya riga ya narke. Turaku sun zube a hanya, bargo ya ci wuta rabi, magani ya zama dunƙulen baƙar roba. Ya juye mata ruwan shansu duka. Abin da ta faɗa na ƙarshe shi ne tsssss. Sai ga dutsen guga ya faɗo ta ramin, ƙwal, lafiyarsa ƙalau.

"Yaya, ai na ga kamar za mu iya biyawa ta wani gari mai wuta," in ji Ɗan Gayu.

Mai Gilashi bai amsa ba, kuma yana so a shaida cewa wannan shirun shi ne aikin haƙuri mafi girma da ya taɓa yi. Da suka iso gida ya shimfiɗa gawar a tsakar gida, matarsa ta fito, ta tsallake ta, ta tambayi ƙaninta ko ya ƙone. Mai Gilashi ya rantse cewa yaron nan ba zai sake ɗora ƙafa a babur ɗinsa ba. Ba ta yi musu ba. Hannu kawai ta miƙo.

"To, Baban yara, kawo makullin."

Ya daɗe yana kallon tafin hannun nan. Bai bayar ba.

Marigayiya ta bar 'yar'uwarta Jakar Hagu, wadda ke rataye ita kaɗai tana karkatar da babur gefe guda. Ta bar butar shayi da ta lotse, da famfo, da tanti wanda yanzu ba shi da abin kafawa. Salansa ma na nan da tabon roba a jikinta, amma ba a ɗora mata laifi ba, ita inda aka ajiye ta nan ta tsaya.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da hantsi a bayan shagon gilashi. Ɗan Gayu ne zai haƙa ramin, cikin fararen kayansa. Dutsen guga za a dasa a kai a matsayin alama, kada wani ya yi wahalar roƙon a mayar. Ana karɓar ta'aziyya daga kowa ban da masu cewa ai jaka ce kawai.

Da an rufe rami babur zai kama hanya. Kujerar baya tana nan ga mai ita, tunda haka aka yanke a gida. Sai dai duk abin da marigayiya ke ɗauka, bargo da buta da famfo da sabbin turakun ƙarfe, a cinyarsa za su zauna, zuwa da dawowa, har ranar da aka ɗinka wata. Mai ɗinkin tamfol ya aiko cewa zai iya gamawa cikin makon nan. Mai Gilashi ya ce a gaya masa kada ya yi gaggawa, ana cikin makoki.