Jan Ƙyalle a Jikin Igiya

"Gwiwar ce dai kawai, sai godiya. Kai fa, maigida, yaya ƙishirwa?"

Haka Kaka ta amsa gaisuwar jikanta mai aikin lantarki, tun bai gama cire takalmi ba. Ya zauna a bakin gadonta, ya jingina da bangon da har yanzu yake ɗauke da tabon ambaliyar bara, layi guda daidai ƙugun mutum. Ambaliyar nan ce ta sa ya sayar da motarsa, ya sayi fili can nesa a kan tudu, ya fara gini don ya kwashe iyalinsa. Kuskurensa ɗaya: da damina ya je ganin filin, ko'ina kore shar. Da ya koma makon jiya, a tsakiyar bazara, sai ya tarar da wurin fari fat, mai haƙa burtsatse kuma ya ƙi yi masa alkawarin ruwa. Yau ya zo ne ya faɗa mata zai sayar da filin. Ita ya zaɓa ya fara faɗa wa, don ita kaɗai ce za ta yi masa dariyar a gabansa, ba a bayan idonsa ba.

"Ƙishirwa tana gaishe ki, tsohuwa. Ta ce ke ce kika shanye ruwan duniya, tun zamanin da ba a ƙirƙiro kofi ba."

"Ni dai ban yi dacen miji ba. Mutum ya gudu daga ambaliya ya tafi inda ƙadangare ke yawo da gora. An yi gudun gara, an faɗa gidan zago."

"Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya gudu. Wa na goya a bayana na fitar daga ɗakin nan, tana ta kiran sunan kajinta?"

"Ba goyo ka yi ba, jingina ka yi da ni don kar ruwa ya tafi da kai. Mutum kamar sillen kara."

Ya yi dariya, amma ba ta kai ciki ba. Don ya rufe, sai ya shiga lissafa mata shirin da ya yi saboda ranar tsiya: farantan sola a kan rufi, batir biyu manya, tocila shida, buhunan hatsi a kan katako, akwatin magani, har da rediyon da ake murɗawa da hannu. Ta bar shi ya gama tsaf tana gyaɗa kai, sannan ta tambaye shi ko guga nawa ya saya.

Ko ɗaya bai saya ba.

"Tocila shida," in ji ta. "Wato ku riƙa ganin juna sosai kuna mutuwa da ƙishi."

A nan ya sauke wasan. Ya ce mata ya yi ganganci, ya kai kuɗin motarsa inda ba ruwa, kuma har yanzu bai iya faɗa wa matarsa ba, ita da ta riga ta ɗaure kayan kicin a kwali. Ya sunkuyar da kai yana jiran dariyar.

Ba ta yi ba. Ta sa sandarta ta jawo wata doguwar igiya daga ƙarƙashin gado, da dutse ɗaure a bakinta, da ƙulli-ƙulli a jikinta, da wani jan ƙyalle a ɗaure can kusa da dutsen.

"Ranar Talata da na ce na tafi asibiti, ina ka ɗauka na je?"

Ashe motar kasuwa ta shiga, awa huɗu da gwiwar nan, ta je filin. Ta ce ƙasa ba a ganin ta da damina, lokacin kowace ƙasa ta ci kwalliya. A ƙarshen rani ake zuwa, a same ta ba ta wanke fuska ba. Bayan iyakar filinsa da taku talatin akwai rijiyar wata mata mai awaki. Nan ta zura igiyar har dutsen ya taɓa ƙasa, ta jawo, ta ɗaura jan ƙyallen a inda jiƙa ta tsaya. Tsakanin ƙulli da ƙulli tsawon gaba guda ne. Ta ce ya ƙirga daga dutsen.

Ya ƙirga da yatsa, ya sake ƙirgawa. "Gaba uku."

"Gaba uku na ruwa, wata bakwai rabon ƙasar da ɗigon sama. Na sha, ba zartsi. Na wanke mayafina, sabulu ya yi kumfa. Matar ta ce tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa ganin gindin rijiyar ba. Ka haƙa taka ta ɓangarenta, kusa da itatuwan nan da suka ƙi zubar da ganye. Masara dai kar ka yaudari kanka. Awaki, kaji, ɗan lambu a bakin rijiya, za ku rayu. Asibiti kuma da nisa, ka nemi ko babur ne."

Ya rungume igiyar a cinyarsa. Da ya tambaye ta abin da ya kai ta wannan wahala, sai ta ce ta je ne ta ga inda za a binne shi, ko ƙasar tana haƙuwa. Ba ta faɗi cewa tun bara ko yayyafi ta ji a kan kwano sai ta tashi zaune tana kallon ƙofa ba. Shi ma ya sani, bai tona ba.

"To, na sallama," in ji shi. "Da tsohuwar zuma ake magani. Ko da yake wannan zumar ta kusa zama dutse."

"Ɗauki igiyar, na ba ka. Gugan ka saya da kanka, kar a ce komai matarka ta fari ke yi maka." Ta ɗan kau da kai, kamar tana neman wani abu a kan taga. "Na leƙa ginin naka. Wancan ɗakin na gefe, wanda ba matakala a ƙofarsa, aka kafa masa ƙarfen dafawa a bango, na wa ne?"

"Na akuya ne. Akwai wata tsohuwar akuya mai ciwon gwiwa da nake so in tafi da ita, sai dai taurin kai gare ta."

Kaka ta yi dariya har sai da ta share ido da bakin mayafi.

"To ka faɗa wa magini, akuyar ta ce a ƙara mata taga ta gabas."